FASHIN BAƘI: Yadda ake cinikin babur ɗin tsere na hannu a Birtaniya, da abin da takarda ba ta faɗa

Daga ƙarshen watan Oktoba, lokacin da sanyi da ruwan sama ke rufe kakar tseren babura a Birtaniya, wata kasuwa ce ke buɗewa. Masu tsere a matakin kulob, waɗanda yawancinsu makanikai ne da magina da ma'aikatan ofis da ke hawa a ƙarshen mako kawai, sukan fito da baburansu su sa a kasuwa. Wani zai haura zuwa aji na gaba ne, wani aljihu ne ya gaza, wani kuma karaya ce ta sa iyali suka ce ya isa haka. Kafin watan Maris, lokacin da ake komawa fili, da yawa daga cikin baburan sun sauya hannu.

Abin da ke ɗaure wa baƙo kai a wannan kasuwa shi ne farashi. Babur ɗin da aka narkar wa da dukiya wajen gyara sau da yawa yakan fita a kuɗin da bai kai na ɗan'uwansa da ke yawo a titi ba, wanda ba a taɓa kwance masa ko noti ɗaya ba. Dalilin yana cikin yadda ake mayar da babur na tsere, da kuma irin dokar da ta rufe shi, ko ta bar shi a buɗe.

Mene ne tseren kulob?

Tseren da duniya ke kallo a talabijin, wato MotoGP da gasar manyan babura ta Birtaniya, shi ne ƙololuwa. Can ƙasa akwai kulob-kulob masu zaman kansu da ke karɓar hayar filaye irin su Brands Hatch da Cadwell Park da Snetterton da Oulton Park da Donington Park, su shirya wa mambobinsu tsere ranakun Asabar da Lahadi. Mafi daɗewa a cikinsu ita ce wadda ake yi wa laƙabi da Bemsee, da aka kafa a 1909 a tsohon filin Brooklands, kuma tana bugun ƙirji da cewa babu kulob ɗin tseren babura da ya girme ta a duniya. Hukumar da ke ba da lasisi kuwa ita ce ACU, wadda asalinta ya faro tun 1903.

Sabon shiga sai ya yi gwajin ido, ya halarci darasin dokokin fili, a kuma gwada hawansa kafin a ba shi lasisi. Bayan nan zai riƙa ɗora riga mai ruwan lemo a kan kayansa na fata, domin waɗanda suka fi shi gudu su gane shi daga nesa su yi hattara, har sai ya tara adadin tseren da ake buƙata a filaye daban-daban.

A wannan mataki babu albashi. Wanda ya zo na ɗaya kofi yake ɗauka ya tafi gida. Kuɗin shiga, da mai, da taya, da motar ɗaukar kaya, duk daga aljihun mahayi suke fita. Shi ya sa babur na hannu ne ƙashin bayan wasan baki ɗaya: ba kowa ke iya sayen sabo ya kai shi inda ya san wata rana zai sha ƙasa ba.

Abin da ake cirewa, da abin da ake ƙarawa

Kusan duk baburan da ke tseren kulob na titi ne tun asali. Ana cire musu fitilu da madubai da sigina da lamba da ƙafar jinginewa, a sauya rigar roba ta kamfani da wata mara nauyi wadda ba ta da tsada idan ta fashe. A ƙarƙashin inji ana sa kasko da zai tare baƙin mai idan injin ya fashe, domin ɗigon mai a kan kwana ya isa ya zubar da duk wanda ke biye. Saboda wannan dalili ne ake huda kan notin da ake zubar da baƙin mai, a zura masa siririyar waya a ɗaure shi yadda girgiza ba za ta kwance shi ba. Ko ruwan lagireto ma, zalla ake so, ba tare da sinadarin hana daskarewa ba, domin shi ma santsi gare shi. Ana ƙara ɗan ƙarfe da ke kare hannun birki, don kada wani ya goga shi a guje tayar gaba ta ƙame, da jar fitila a baya domin ranar ruwa, da wata 'yar na'ura da ke aika wa masu ƙirga lokaci saƙo duk sa'ad da babur ya tsallake layi.

Wannan duk dole ne. Inda kuɗi ke tafiya shi ne abin da ba dole ba: shokazoba ta Öhlins ko K-Tech, salansa mai sauƙin nauyi wadda ƙararta ba za ta haura iyakar da fili ya gindaya ba, na'urar sauya giya ba tare da jan kuloci ba, sake tsara kwamfutar inji, da ƙafafu na biyu masu ɗauke da tayar ruwan sama. Ga bargunan lantarki da ake naɗe wa taya su ɗumama ta zuwa kusan digiri 80 kafin a fita, ga janareton da zai kunna su.

A ranar sayarwa, wannan kuɗi ba ya dawowa. Na farko, masu saye kaɗan ne: babur ɗin da ba shi da fitila ba ya kai kowa wurin aiki, sai wanda ke da lasisi ko mai zuwa ranakun atisaye zai waiwaye shi. Na biyu, an ɗaure shokazobar ne daidai nauyin mutum ɗaya da salon hawansa, don haka sabon mai shi sai ya sake biyan ƙwararre ya daidaita masa. Wannan ne ya sa tsofaffin hannu sukan rarraba babur su sayar da shi gunduwa-gunduwa, inji daban, ƙafafu daban, shokazoba daban. Hakan ya fi kawo kuɗi, sai dai yana cin watanni, kuma ƙarshe akan bar mutum da tarkacen da ba mai so.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai sayarwa gaba ɗaya, wato dokar aji. Suzuki SV650, wanda ya fara fitowa a 1999, da tsohon Honda CB500 da aka daina ƙerawa a 2003, har yau suna da masu nema, ba don gudu ba, sai don kulob-kulob sun ware musu azuzuwa masu tsauraran ƙa'idoji da ke hana mai kuɗi sayen nasara. Muddin ajin na nan, darajar babur ɗin na nan. Ranar da aka sauya layi ɗaya a littafin dokoki, ko aka rushe ajin saboda ƙarancin masu shiga, babur ɗin da jiya ake rububinsa zai wayi gari ba shi da inda zai yi takara. Mai sayen da bai karanta dokokin kakar da ke tafe ba kafin ya miƙa kuɗi, ya sayi doki ne bayan an tashi daga sukuwa.

Inji ba ya faɗin shekarunsa

A babur ɗin titi, mai saye yakan duba agogon da ke ƙirga tafiya. A na tsere wannan lissafi ba shi da amfani, ko da agogon na nan, kuma sau da yawa ma an cire shi. Kilomita dubu uku a fili, inda inji ke kuka a iyakar ƙarfinsa daga fari har ƙarshe, ba ɗaya suke da kilomita dubu uku na zuwa kasuwa ba. Tambayar da ta dace ita ce yaushe aka buɗe injin, wa ya buɗe shi, me ya sauya, kuma tsere nawa aka yi tun daga ranar. Kusan kowane talla yana cewa “an sabunta inji”. Abin da ke raba gaskiya da cika baki shi ne rasit mai kwanan wata da sunan makanikin da za a iya kira a tambaya.

Faɗuwa kuwa ba abin ɓoyewa ba ce, domin babur ɗin tseren da aka ce bai taɓa faɗuwa ba, ko dai ba a yi tsere da shi ba, ko kuma ba a faɗi gaskiya ba. Abin tsoro shi ne shasi ya karkace kaɗan yadda ido ba ya gani, ko ya tsage a wajen wuya aka yi masa walda aka shafe da fenti. Irin wannan aibi ba ya bayyana a gareji. Yana bayyana ne lokacin da mahayi ya kama birki da ƙarfi a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Akwai masu sana'ar ɗora babur a kan ma'auni su gano karkata, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake gudu. Binciken da jami'an kulob ke yi da safiyar tsere ba zai maye gurbin wannan ba. Na 'yan mintuna ne, kuma abin da suke dubawa shi ne birki da taya da waya da kasko, ba cikin inji ba.

Abu ɗaya da ke taimakon mai saye shi ne cewa tsere yana barin sawu. Kamfanonin ƙirga lokaci irin su TSL suna wallafa sakamako a intanet, da sunan mahayi da samfurin babur da lokacin kowane zagaye. Wanda ya ce babur ɗinsa ya ci kofi, ana iya tabbatarwa. Wanda sunansa ya yawaita a jerin waɗanda ba su ƙarasa tsere ba, shi ma akwai tambayar da zai amsa.

Inda ɓarawo ke samun mafaka

Nan ne cinikin ya fi duhu. Babur ɗin titi a Birtaniya yana da takardar rajista mai suna V5C daga hukumar DVLA. Na tsere ba ya buƙatarta, domin ba ya taka titin gwamnati, kuma inshorar titi ba ta ɗaukar nauyin abin da ya faru a tsere. Saboda haka talla mai cewa “babu takarda, na fili ne kawai” ba baƙon abu ba ne, kuma ba kullum yake nufin rashin gaskiya ba. Baburan da aka ƙera domin tsere tun daga masana'anta, kamar Yamaha TZ250 da Honda RS125, ba su taɓa samun rajista ba tun fil'azal.

Amma wannan ƙofa ce da babur ɗin sata ke iya shigewa, domin an cire masa lamba da mabuɗi da duk abin da ɗan sanda zai gani a hanya. Abin da ya rage shi ne lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da aka buga a wuyansa, da lambar inji. Idan an goge su, ko aka ga alamar an sake bugawa, magana ta ƙare. Idan suna nan, ana iya biyan kamfanonin binciken tarihin abin hawa, irin su HPI, su duba ko an kai rahoton sata, ko akwai bashin banki a kansa, ko inshora ta taɓa yanke masa hukunci. Dokar Ingila ba ta da sassauci a nan: wanda ya sayi kayan sata, ko da bai sani ba, bai mallake su ba. Za a karɓe babur ɗin, shi kuma ya je ya nemi wanda ya sayar masa. Ita kanta V5C, a jikinta an rubuta cewa ba shaidar mallaka ba ce. Tana nuna wanda ke riƙe da abin hawa ne kawai.

Hukuncin inshora ma yana da matakai. Tun watan Oktoban 2017 ake amfani da rukunai huɗu. Rukunin A a murƙushe shi gaba ɗaya. Rukunin B a iya cire kayan gyara, amma shasin ba zai koma titi ba. Rukunin S ya samu lahani a ƙashin jikinsa amma yana gyaruwa, rukunin N kuma lahaninsa bai taɓa ƙashi ba. Babur ɗin rukunin N, wanda wataƙila rigarsa da fitilunsa kawai suka farfashe, shi ne abin da mai haɗa babur ɗin tsere ke nema, tunda dama zubar da su zai yi. Na rukunin B da ya ɓulla a fili kuwa, shasi ne da masana suka riga suka ce bai cancanci gudun titi ba, ake shirin kai shi inda gudun ya ninka.

Hatsarin yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Wasu sukan adana rigar asali da fitilu a cikin kwali tun ranar farko, idan sun gama tsere su mayar, babur ya fito fes kamar wanda bai taɓa wahala ba. Mai sayen babban babur na hannu da ya fito daga Turai, a ko'ina yake, yana da alamar da zai duba: ƙananan huji a kan notin baƙin mai da na birki. Babu abin da ke sa mutum ya huda su sai dokar fili.

Idan ciniki ya lalace, kariyar da doka ta tanada ta danganta da wanda ya sayar. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa damar mayar da kaya mai aibi cikin kwana 30. Tsakanin mutum da mutum kuwa, wanda shi ne yawancin wannan ciniki, abin da doka ta fi riƙewa shi ne kayan su dace da yadda aka siffanta su. Wannan ya sa kalmomin talla ke da nauyi a kan kowa. Mai sayarwar da ya rubuta cewa an sabunta inji alhali baƙin mai kawai ya sauya, ya ɗaura wa kansa igiya, kuma rubuta “an sayar yadda aka gani” a kan rasit ba ya wanke ƙarya. Mai sayen da bai adana hoton tallan ba kafin a goge shi, ba shi da abin nunawa.

Kasuwar kanta tana sauya kama. Saboda tsauraran dokokin hayaƙi na Turai, kamfanin Yamaha ya daina sayar da R6 na titi a nahiyar bayan 2020, ya koma sayar da shi a matsayin na fili kawai, kuma daga 2025 babban yayansa R1 ya bi sahu. Ma'ana, akwai sababbin babura na halal da ke fitowa daga shagon dila ba tare da rajistar titi ba, kuma sun fara shiga kasuwar na hannu. Ga irin waɗannan, rasit ɗin dila na farko mai ɗauke da lambar shasi shi ne takardar da mai saye zai nema, tare da rasit ɗin duk wanda babur ɗin ya bi ta hannunsa bayan nan.