A Binciki Sana'a Kamar Yadda Ake Binciken Aure

A ƙasar Hausa ba a ɗaura aure da ka. Da zarar saurayi ya turo magabatansa, sai gidan yarinya su nemi a ba su lokaci. A tashi wani baffa ko kawu mai natsuwa ya je unguwar su yaron, ya zauna a majalisa, ya ji ta bakin limamin masallacinsu da abokan hulɗarsa: ɗan wane ne, da me yake ci, yaya halinsa idan ransa ya ɓaci. Binciken kan ɗauki wata guda ko fiye, kuma ban taɓa jin wanda ya ce an ɓata lokaci ba. Amma shi wannan saurayi da ita yarinyar, ranar da za su zaɓi sana'ar da za su rayu da ita, wadda idan aikin gwamnati ce za su iya shafe shekara 35 a cikinta kafin ritaya, a bakin cibiyar rajistar JAMB ake yanke hukunci cikin minti goma, ana ta yi musu tsawa su yi sauri akwai layi. Cinikin biri a sama ke nan.

A da ba mu da wannan matsala, domin sana'a a fili take. Ɗan marini a Ƙofar Mata ya buɗe ido ya ga mahaifinsa a bakin karofi, ya san warin baba, ya san lokacin ciniki da lokacin da kasuwa ke kwanciya. Haka ɗan maƙeri da ɗan majemi da ɗan wanzami. Kafin ya kai shekara goma ya riga ya san daɗin sana'ar da wuyarta, ba ya bukatar kowa ya ba shi labari. Sana'o'in zamani kuwa a bayan ƙofa ake yin su. Yaro bai taɓa ganin abin da akanta ke yi daga safe zuwa la'asar ba, bai san injiniya ya fi daɗewa a gaban takardu da lissafin kuɗin aiki fiye da kan gada ba. Abin da ya sani shi ne farar riga da mota da kiran "Dakta" ko "Barista". Kallon kitse yake yi wa rogo, mu ma iyaye sau da yawa tare da mu ake kallon.

Wasu sun daɗe da gane haka. A 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston domin bai wa matasa shawara kan zaɓen sana'a, kuma abin da ya koyar bai wuce abu uku ba: mutum ya san kansa, ya san aikin, sannan ya auna biyun da hankali. A nan gida ana danganta somawar wannan harka da Kwalejin St. Theresa da ke Ibadan, inda a 1959 malaman makarantar suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ma ta tanadi malaman ba da shawara a makarantu. A takarda ke nan. A makarantun gwamnati da dama da na sani, malamin ba da shawarar shi ne kuma ke koyar da darasi biyu ko uku, kuma ɗalibai ba sa zuwa ofishinsa sai wanda ya yi laifi.

Tunda haka ne, ni a ganina binciken ya koma hannun ɗalibin da kansa, kuma ya zama a rubuce.

Mu ɗauki likitanci, tunda shi ne burin kusan duk yaron da ya shiga ajin kimiyya. Mai bincike na gaskiya zai fara da lissafin shekaru. Karatun digirin shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sai shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Takwas ke nan, idan ba a maimaita aji ba kuma ba a yi yajin aiki ba, alhali yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ke son zama ƙwararre a wani fanni kuma zai ƙara wasu shekarun da ba su gaza huɗu ba. Zai kuma gano cewa Hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa guraben ba su da yawa, alhali masu zana jarrabawar JAMB a shekarun nan sun kusa miliyan biyu. Daga nan ne idonsa zai buɗe ya ga cewa asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai masu harhaɗa magunguna, da masu gwaje-gwajen jini, da masu ɗaukar hoton ƙashi da na ciki, da masu gashin ƙashi, da ma'aikatan jinya da ungozoma, kowanne da digirinsa da hukumar da ke ba shi lasisi. Da yawa daga cikin yaranmu ba sa jin sunayen waɗannan kwasa-kwasan sai bayan sun yi shekara biyu ko uku suna bugun ƙofar likitanci ba a buɗe ba.

Lauyanci ma haka ne. Shekara biyar a jami'a, sannan shekara ɗaya a Makarantar Koyon Aikin Lauya, wadda ke da reshe a Bagauda da kuma Yola. Amma tarkon yana can baya, a sakandare: yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci. Na san wata yarinya mai kaifin basira da ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta zo cike fom sannan ta ji wannan sharaɗi, ita kuwa makarantarsu ba a ma koyar da darasin. Shekara guda ta yi asara. Bayanin da zai cece ta yana nan a kundin JAMB, kyauta a intanet, babu dai wanda ya ce mata ta duba tun tana aji huɗu.

Sai maganar rajista da tantancewa, wadda iyaye ba su cika tambaya ba. Injiniya yana bukatar rajistar COREN, malamin makaranta ta TRCN, akanta kuma ya bi ta ICAN ko ANAN. Kwas ɗin kansa dole ne ya samu amincewar NUC idan a jami'a ne, ko ta NBTE da ke Kaduna idan a kwalejin kimiyya da fasaha ne. Wanda ya tura ɗansa karatu waje, musamman a fannin lafiya, ya kamata ya sani tun kafin ya sayar da gona cewa yaron zai dawo ya zana jarrabawar hukuma kafin a ba shi izinin taɓa maras lafiya.

Alƙaluma kuma sai an yi hattara da su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Na farkon 2023 kuwa ta ce kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'aunin aka sauya, aka koma lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Ɗalibin da ya kwafi ɗaya daga cikin alƙaluman nan bai faɗi shekara da ma'auni ba, ya yaudari mai karatunsa ko da bai yi niyya ba. Haka batun albashi. Maimakon "an ce suna samun kuɗi sosai", sai ya nemo tsarin albashin da ya shafi aikin, CONMESS na likitoci ko CONHESS na sauran ma'aikatan lafiya, ya kuma san cewa mai digiri a aikin gwamnati daga mataki na 8 yake farawa, mai NCE daga na 7.

Duk da haka intanet ba ta isa ba, zuwa da kai ya fi aike. Yaro ya nemi mutum biyu ko uku masu yin aikin, ɗaya sabon shiga, ɗaya wanda ya kwana biyu, ya gaishe su cikin ladabi ya roƙi minti ashirin. Kada ya tambaye su ko aikin yana da kyau, kowa zai ce alhamdu lillahi. Ya ce, "Baba, jiya ƙarfe nawa ka fita, ƙarfe nawa ka dawo?" Ko, "Anti, mene ne abin da ya fi gajiyar da ke a aikin nan? Cikin waɗanda kuka gama tare, su nawa ne har yanzu suke yin sa?" Amsar tambaya ta ƙarshen nan takan fi duk abin da ke cikin kundi amfani.

To, me ya sa na nace sai an rubuta? Domin a gidajenmu yaro ba shi ke yanke hukunci shi kaɗai ba. Akwai uba, akwai uwa, akwai yayan da zai biya kuɗin makaranta. Idan yaro ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce shi ba ya son likitanci, gardama ce da rashin kunya. Idan kuwa ya miƙa masa shafi biyu masu ɗauke da shekaru da kuɗi da sharuɗɗa da abin da masu aikin suka faɗa da bakinsu, shawara ce ya kawo, kuma dattijo yakan saurari shawara. Bayan haka, rubutu yana tona asirin abin da mutum bai sani ba. A baki kana iya zagaye rami, a takarda kuwa gurbin "kuɗin karatu a shekara" zai zauna fayau yana kallonka har sai ka nemo.

A nan ne muke da wata cutar. Yaran dangi da na unguwa sukan kawo mini takardunsu in duba, kuma mafi yawansu kamar katin gayyatar biki suke: an zagaye shafi da furanni, kanu ja, rubutu shuɗi, salon haruffa iri huɗu, kalmomi rabi da manyan baƙaƙe. Ba laifin yaran ba ne kacokan, a shagon buga takardu aka ɗora musu abin da aka saba ɗora wa kowa. Amma takardar aiki ba ado take nema ba, sauƙin karantawa take nema. Salon haruffa ɗaya ya isa, girmansa 12, a bar fili a gefuna huɗu, a bar sarari tsakanin sakin layi. A sama a rubuta sunan mai binciken da kwanan wata. Sakin layi na farko ya faɗi sakamakon kai tsaye, wato ga sana'ar da na bincika, ga abin da na gano, ga abin da nake ganin ya dace, domin babban mutum ba lallai ne ya kai shafi na biyu ba. Idan sana'a biyu ko uku ake kwatantawa, jadawali ɗaya mai layuka biyar ko shida, na shekarun karatu da darussan da ake bukata da kuɗi da hukumar lasisi da wuraren aiki, ya fi dogon bayani. Kowane adadi a rubuta inda aka samo shi da ranar da aka samo, saboda kuɗin makarantar bara ba shi ne na bana ba. A kuma tuna cewa yawancin injinan buga takardu a unguwanninmu baƙi da fari suke fitarwa, launukan da aka sha wahala a kansu duk toka-toka za su fito.

Harshe kuma a zaɓi na mai karantawa. Idan Baba da Hausa ya fi sakewa, a rubuta masa da Hausa, babu ƙasƙanci a ciki. Sai dai a duba cewa salon haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu sukan mayar da su ƙananan akwatuna, sai "ƙasa" ta koma abin da ba a iya karantawa. Kafin a tura wa kowa ta waya, a mayar da takardar PDF, don kada jadawalin ya wargaje a hanya. Ɗaukar hoton takarda a kan tabarma a tura ta WhatsApp, da inuwar hannu a kai, ba turawa ba ce.

Wani zai ce wannan wahala ce babba a kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Ni kuwa ina ganin hannun da ya tsara shafi biyun nan shi ne gobe zai rubuta rahoton SIWES, da kundin kammala digiri, da takardar neman aiki, da ta neman tallafin jari. Na ga masu digiri da sakamako mai daraja waɗanda takardar tarihin karatunsu da aikinsu ta kai shafi biyar, har da sunan makarantar rainon da suka yi, amma ba a ga abin da suka iya ba sai a shafi na huɗu. Mai ɗaukar ma'aikata da ke da tarin takardu a gabansa ba zai kai can ba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne dogon hutun da ke biyo bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci, domin daga wannan rabon ne ƙofofi ke fara rufewa. Makaranta ba ta bukatar kasafin kuɗi kafin ta yi haka. Shugaban makaranta ya ce kowane ɗalibi ya dawo hutu da shafi biyu a kan sana'a ɗaya, da sa hannun mahaifi ko mariƙi a ƙasa, malamin Hausa da na Turanci su duba rubutun, na kwamfuta ya duba tsarin. Inda babu kwamfuta, takardar fulskaf da rula da biro mai kyau sun wadatar a zana jadawali.