Gindin Karan da Saniya ke Bari

Duk wanda ya ratsa gonakin Dagumawa, a ƙaramar hukumar Wudil, bayan an girbe dawa, zai ga kara tsibi-tsibi, wani a jingine, wani an ɗaure shi dami-dami ana jiran amalanke. Babu manomin da ke yi masa kallon shara. Da shi ake darni, da shi ake hura murhu, shi ake zuba wa shanu idan bazara ta yi tsanani harawa ta yi tsada. Sai dai saniya tana da zaɓi: takan cinye karmami, ta tauna saman kara mai laushi, ta bar gindin a ƙasa. Abin da ya hana ta cin gindin nan shi ne ya hana masana da manyan kamfanonin makamashi na Amurka barci shekara da shekaru.

Sunansa lignin. Idan aka ɓare kara za a ga ɓawo mai tauri, wanda har yanka hannu yake yi, sai totuwa fara a ciki. Akasarin jikin karan selulos ne da danginsa, wato sukari ne da tsiro ya sarƙa ya zama zare. Lignin shi ke lulluɓe zaren ya ƙanƙame shi, kamar yadda siminti ke riƙe rodi a ginshiƙin gini, kuma yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na busasshen kara. Shi ya sa farfara ko kaura mai tsawon mita uku ko huɗu ke tsayawa ƙyam da nauyin zangarniya a kanta. Shi ke ƙarfafa hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, yana kuma wahalar da ƙwari da cuta.

Matsalar ita ce ƙananan halittun da ke tumbin saniya ba sa iya narkar da shi, don haka sukari mai yawa yakan fita a kashi ba a more shi ba. Haka masana'antar da ke son tatso etanol, man da ake gaurayawa da fetur: sai ta dafa kara da zafi mai tsanani da sinadarai kafin ta kai ga sukarin, kuma a nan kuɗin suke tafiya. Kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'antar sarrafa karan masara a jihar Iowa a 2015, ya rufe ta a 2017.

Masu binciken tsirrai sun bi ta wata hanya: maimakon a yi kokawa da lignin a masana'anta, a rage shi tun daga gona. A 1924 aka lura da wata masara a jihar Minnesota wadda jijiyar tsakiyar ganyenta ruwan ƙasa ce, ba fara ko koriya ba, daga baya aka gano ta fi narkewa a cikin dabba. A 1978 masana a Jami'ar Purdue suka ba da rahoton samar da dawa mai irin wannan alama, bayan sun jiƙa iri a wani sinadari mai sauya ƙwayoyin gado. Ana kiranta bmr a taƙaice. Tsiro yana haɗa lignin ne mataki-mataki, kowane mataki da sinadarin da ke gudanar da shi, kowane sinadari da ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera shi. In ƙwaya ɗaya ta samu tangarɗa, lignin yakan ragu, yanayinsa ma ya sauya. A 2003 aka gano wadda ta lalace a nau'in bmr12, a 2009 aka gano ta bmr6, shekarar da aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadon dawa. A 2011 wasu masana a jihar Oklahoma suka rage aikin irin ƙwayar bmr12 a wata ciyawar makamashi ta Amurka, etanol ɗin da aka samu ya ƙaru da abin da ya kai kashi 38 cikin ɗari.

Ga masu ɗari-ɗari da irin da aka dasa wa ƙwayar wata halitta, dawar bmr ba irin wannan ba ce. Da barbara ta yau da kullum ake shigar da halin cikin kowace dawa.

To, ina ribar Dagumawa? Ba a tankin mota take ba tukuna. Tun 2007 Nijeriya ta fitar da manufar gauraya etanol kashi 10 cikin ɗari a fetur, har yau abin bai kankama a gidajen mai ba. Ribar tana turke. Wudil gari ne na kasuwar shanu, kowace Juma'a ake cika ta daga nesa da kusa, kuma mai kiwon sa don kasuwa ko mai ragon layya ya san abincin rani ne ke cinye jarinsa. Gwajin da aka wallafa daga Nebraska a 2004 ya nuna shanun da aka ciyar da dawar bmr6 sun ba da madara kusan daidai da waɗanda suka ci masara, sun kuma zarce na dawar da aka saba. Can ɗanyar shuka ake yankewa a adana, nan kuwa busasshen kara ne bayan an cire hatsi, don haka sai an gwada a ƙasarmu kafin a yi alkawari.

Kuma laushi yana da farashi. A wasu nau'o'in, dawar bmr takan kwanta idan iska ta taso, nauyin karan da ake samu a gona yakan ragu. Manomin da dawarsa ta kwanta ana dab da girbi ya yi asarar tuwo, ba abincin dabba kawai ba. Mai yin darni yana son karan da zai kai wata damina. Uwargida a murhu ma taurin take so, domin lignin ya fi selulos ba da zafi idan ya ƙone. Mai niyyar matse kara ya zama makamashin girki a madadin itace, lignin abokinsa ne. Ƙasar gonar ita ma tana da haƙƙi a kan karan da ke ruɓewa a kanta, wanda lissafin masana'anta yakan manta da shi.

Saboda haka bai kamata a nemi iri ɗaya da zai biya kowa ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wadda ke da alhakin inganta dawa a ƙasar nan, da ofishin cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Kano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, su shigar da halin bmr cikin kaura da farfara, su shuka a gonakin manoman Dagumawa kusa da irin gida. Su auna wadda ta jure iskar ƙarshen damina, su auna hatsin, sannan su tsaya a turke su auna abin da saniya ta bari.