Hujjar da Ta Kawar da Kokwanto: Ma'anar "Beyond Reasonable Doubt"

Daga cikin kalaman Ingilishi da suka fito daga zauren kotu suka shiga bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, da wuya a sami wanda ake yawan ambata, kuma ake yawan yi wa gurguwar fahimta, kamar "beyond reasonable doubt". Kalaman suna nuni ne ga matsayin da hujja za ta kai kafin a kama mutum da laifi, wato ta yi ƙarfin da mai hankali, bayan ya auna dukkan shaidar da aka gabatar, ba zai sami wani dalili mai ma'ana na yin kokwanto ba. Ba kowane kokwanto ne doka ke saurara ba, domin wanda aka gina a kan wasiwasi ba ya kuɓutar da kowa, kuma alƙali Lord Denning ya nuna a shari'ar Miller ta 1947 cewa doka za ta kasa kare al'umma idan ta bari kowane zato maras tushe ya karkatar da shari'a.

Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida daram a Ingila ita ce ta Woolmington a 1935. Mutumin, wanda leburan gona ne, ya harbe matarsa, ya ce tsautsayi ne, sai alƙali ya ɗora masa nauyin tabbatar da tsautsayin, aka yanke masa hukuncin kisa. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa mai gabatar da ƙara ne ke da alhakin tabbatar da laifi, kuma ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya wanke kansa. Najeriya ta gaji wannan tsari, inda sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya fayyace mizanin. Wanda ya san fiƙihu ba zai ji abin baƙo ba, tun da malamai sun daɗe da karantar da cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma shubuha tana kawar da haddi.

A ƙarar da ba ta laifi ba, kamar rikicin bashi ko na fili, rinjayen hujja ya wadatar, wato ɓangaren da maganarsa ta fi kama da gaskiya shi ke nasara. Wannan bambanci ne ya sa a Amurka aka sallami O.J. Simpson daga tuhumar kisa a 1995, amma a 1997 wata kotu ta ɗora masa diyyar dala miliyan 33.5 a kan mutuwar mutane biyun da aka tuhume shi da kashewa, ba tare da hukunce-hukuncen biyu sun ci karo da juna ba. Sai dai a Najeriya, idan aka yi zargin aikata laifi a cikin irin wannan ƙara, kamar jabun takardu a ƙarar zaɓe, dole ne a tabbatar da shi da mizanin mai tsauri, abin da ke cikin dalilan da ke kayar da masu ƙorafi da dama.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar sallamar kotu a matsayin shaidar tsarki, har ɗan siyasar da aka sallama ya riƙa shelar cewa an wanke shi tas. Abin da hukuncin ya tabbatar kawai shi ne hujjar masu ƙara ba ta kai mizani ba, kuma mai karanta labaran kotu ya kamata ya riƙa bambance waɗannan biyu.