Mai Ban Ruwa da Mai Allurar Insulin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamun Tambuwal ko na Kebbe da rani, ya ga yadda ake ban ruwan albasa, to ya riga ya yi rabin karatun ciwon suga. Inji yana ta zuba ruwa a babbar hanya, ruwan yana gudu, amma ba ya shiga fangali da kansa. Sai mai ban ruwa ya zo da fartanya ya sare baki, ruwa ya kwarara ciki, in shuka ta ƙoshi ya toshe, ya matsa gaba.

Haka jikinmu yake. Tuwon da aka ci da furar da aka sha suna narkewa su zama suga, sugan ya bi jini, jinin shi ne babbar hanya. Tsokar jiki ita ce fangali, insulin kuwa shi ne mai fartanya. Wata 'yar halitta a bayan tumbi ke samar da shi. In ta gaza, hanya ta cika ta batse, fangali yana kukan ƙishi. Shi ya sa za ka ga mutum yana ci amma yana ramewa, yana shan ruwa randa-randa, dare bai raba ba ya fita fitsari sau nawa. A 1921 ne masu bincike Banting da Best suka tato insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Ba a haɗiye shi, don ciki zai narkar da shi kamar nama, sai dai allura a ƙarƙashin fata.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran mai fartanya, kai tsaye take sha daga babbar hanya. To a ce inji a kashe yake, wato mutum bai ci komai ba, sai wani ya zo ya bubbuɗe kowane baki lokaci guda, wato aka yi masa allurar insulin. Nan da nan hanya ta ƙafe, kuma ƙwaƙwalwa ce ta fara ji. Gumi ya keto, hannu ya hau rawa, tsoho ya fara faɗa ko sambatu, daga nan sai suma. A ƙauye sai a ce iska ce ta buge shi, a kawo hayaƙi da tofi, alhali ƙwaya uku ko huɗu na sukarin kwali a ruwa sun isa su dawo da shi, muddin yana iya haɗiya. In ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti. Yawan suga yakan ɗauki kwanaki ko shekaru yana ɓarna, faɗuwarsa kuwa tsakanin azahar da la'asar sai ta yi kisa.

To wa ke riƙe da fartanyar a gidajenmu? Likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko a babban asibitin Tambuwal, ya rubuta magani ya sallami dattijo. Dattijon ya koma Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi da kwalba a aljihu, ana so a yi masa allura safe da yamma har illa ma sha Allahu. Idonsa ya yi hazo, ba ya ganin zanen sirinji. Babu nas ɗin da za ta riƙa zuwa ƙofarsa sau biyu a yini. Aikin sai ya faɗa hannun 'yarsa, ko matar ɗansa, ko yaron kemis, ko malamin asibitin ƙauye. Suna yi ɗin, ko an koya musu ko ba a koya ba. Ni a ganina hana su ba zai yiwu ba, barin su da ka kuma zalunci ne a kansu da kan majinyacin.

A Ingila sun fuskanci irin wannan. A 2020, lokacin korona, hukumar lafiyarsu da ƙungiyar Diabetes UK suka fito da tsarin horar da masu kula da tsofaffi su riƙa yin wannan allura, ga waɗanda ciwonsu ya daidaita kawai, kuma alhaki yana nan wuyan nas ɗin da ta miƙa aikin. Mu ma muna da tushe: tun 2014 Najeriya ke da manufar sauke wasu ayyukan likita da nas zuwa ga ƙananan ma'aikatan lafiya, kuma kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa ta daɗe tana yaye irinsu.

Manomi ba ya miƙa wa yaro fartanya ran farko ya koma gida. Yaron zai bi shi yana kallo, sannan ya yi a gabansa, ana gyara masa hannu, kafin a bar shi da lambu guda, kuma maigida yana leƙowa. Horon allura haka ya kamata ya zama: mai jinya ɗaya, majinyaci ɗaya da aka sani da suna, nas a tsaye har sai ta gamsu. Tsira allurar ai ɗan abu ne. Babban karatun yana gabanta. A tsuguna a tambaya, "Inna, kun karya kuwa? Abincin ya sauka?" A ɗiga jinin yatsa a na'urar gwajin suga. In ta nuna ƙasa da 70, a ajiye sirinji a ba da suga, bayan minti 15 a sake gwadawa, a kira nas. In Inna na amai, ko ta ce yau sai ta yi azumi, ba mai jinya ke yanke adadi ba, waya zai ɗauka.

Sai maganar sirinji, wadda ke tsorata ni ƙwarai. Insulin kala-kala ne wajen kauri, akwai mai lamba 40 da mai lamba 100, kowanne da sirinjinsa. In aka zuƙi mai 100 da sirinjin 40, aka tsaya daidai kan layin da likita ya ce, an ba mutum ninki biyu da rabi, kamar an buɗe baki da shebur inda ake son ɗan yatsa. Dole a koya wa mai jinya ya haɗa lambar kwalba da ta sirinji da idonsa kowane lokaci. Mai farin ruwa kamar tsala, irin su Mixtard, ana murza shi a tafin hannu a hankali har ya haɗe, ba a girgiza shi. Wurin tsirawa kuma a riƙa sauyawa, ciki yau, cinya gobe, don inda ake sara kullum yakan taurare, ya daina shan ruwa yadda ya kamata.

Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, ban da wurin ƙanƙara. Wadda aka buɗe takan yi kamar mako huɗu in an kare ta daga rana. Wani binciken ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba a sansanin Dagahaley na Kenya, wanda aka fitar a 2021, ya nuna tana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 na tsawon wannan lokaci. Tukunyar ƙasa cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana taimakawa. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba, a tara tsofaffin allurai a gora mai murfi nesa da yara, a kuma ajiye littafi guda a ɗakin: lokaci, abin da na'ura ta nuna, adadin da aka yi, sunan wanda ya yi, da lambar nas a bangon farko.