Injiniya Bugaje Da Amfanin Abin Da Ke Ƙofar Gida

Da yawa cikin mutanenmu in an ce injiniya, hankalinsu kan tafi ga mai gina gada ko mai gyaran mota. Amma akwai wani reshe, watau ilmin sarrafa sinadarai, wanda aikinsa shi ne a ɗauki ɗanyen abu a juya shi ya zama taki, ko mai, ko sabulu. Cikin 'yan Jihar Katsina da suka yi fice a nan akwai Farfesa Idris Muhammad Bugaje.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya koyi wannan fanni, sa'an nan ya ƙetare zuwa Newcastle ta Ingila ya yi digirin dakta. Bincikensa ya shafi adana zafi. Kakin kyandir in ya narke yakan shanye zafi mai yawa, in ya daskare ya sake shi, sai dai yana da nawa ƙwarai. A wata maƙala ta 1997 ya nuna cewa in an cusa alminiyam cikin kakin, aikin yakan yi sauri. Ga ƙasa mai rana irin tamu, ma'anarsa ita ce zafin azahar ya yi amfani bayan magariba.

Daga baya ya shugabanci cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa, Zariya. Cikin ayyukan da aka san ta da su akwai yin taki daga 'ya'yan bedi, watau dogon yaro. Akan matse man, tunkuzar kuma a haɗa taki da ita, don tana korar ƙwari, tana kuma rage saurin salwantar takin yuriya a gona. A 2017 ya zama shugaban Kwalejin Fasaha ta Kaduna, a 2021 aka ba shi hukumar ilmin fasaha ta ƙasa.

To, malamai, bedin nan shi ne yake zubar da 'ya'ya a Yasore da Batsari da Safana, ana share su kamar shara, alhali manomi na kukan tsadar taki. Lalle yaron da ke da kai ga lissafi a ƙarfafa shi, a nuna masa abin da ke ƙofar gidansu. Allah ya sa mu gane.