Masana'anta Ba Ta Gina Gari da Kanta

Duk sa'ad da aka baza jita-jitar cewa za a kafa masana'antar tumatir ko ta sukari a ƙasar Danja, sai dillalan filaye su bazama ƙauyuka suna zuga manoma su sayar da gonakin gado, wai da zarar injuna sun tashi, gidaje da asibiti da ruwan famfo za su biyo baya. Manomin da ya ga kwandunan tumatirinsa suna ruɓewa a bakin titi lokacin da kaya suka yi kwantai ba a ga laifinsa ba idan ya saurara, amma maganar ba ta da tushe a tarihi, kuma abin takaici ne a ce har yau tana cin kasuwa a yankin da ya yi kusan shekara 100 yana noma wa masana'antu auduga.

Garin masana'anta, wato wanda mai kamfani ya zana shi tare da masana'antarsa domin ma'aikata, da gangan ake gina shi. A Saltaire, kusa da Bradford a Ingila, Titus Salt ya buɗe masaƙa a 1853, ya gina gidaje sama da 800 da makaranta da asibiti, amma gidajen na haya ne kuma mallakar kamfani, masaƙar kuma ta rufe a 1986. A Funtuwa da Malumfashi da Kaduna ko irin wannan tsarin ba a samu ba. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila, wanda ya kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, audugar masaƙun Lancashire ya zo nema; abin da ya bunƙasa Funtuwa shi ne layin dogo da kasuwa da hijirar 'yan kasuwa. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta tara dubban ma'aikata, akasarinsu a ɗakunan haya a Kakuri da Makera, kuma da ta rufe a 2002 sai da suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa suna cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Arewa.

Saboda haka bai kamata manomi ya rabu da fadamarsa a kan labarin da bai ga takardarsa ba. Dokar filaye ta 1978 ta tanadi diyya ne a kan amfanin gona da gine-gine idan hukuma ta karɓi fili, don haka wanda aka karɓe wa gona ta wannan hanya da wuya ya sami kuɗin da zai maye masa irinta. Haya ta ƙayyadaddun shekaru ta fi sayarwa, kuma wajibi ne a rubuta ta gaban dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma, da sanin dukkan magada har da mata. A cikin yarjejeniyar ya kamata a fayyace inda gurɓataccen ruwan masana'antar zai malala, da yadda za a tsayar da farashin kwando ko na rake, da gurabun aikin 'yan gari, da wanda filin zai koma hannunsa idan kamfanin ya rufe. Duk kamfanin da ya ƙi sa hannu a kan waɗannan, bai cancanci gonar kowa a Danja ba.