Mai ciki ba ita kaɗai take sha ba

Damina ta kama, aikin gona ya yi yawa. Muna ganin masu tallar magani suna bin kasuwannin ƙauye, suna cewa tiramol na kashe gajiya. Har mata masu juna biyu suna saye.

Ƴan uwa, abin da uwa ta sha, jininta ke kai shi ga ɗan da ke ciki, ta igiyar cibiya. In ta saba da tiramol, shi ma ya saba. Bayan haihuwa sai jariri ya yi ta kuka da makyarkyata, ya kasa kama nono. Giya da burkutu kuwa ƙwaƙwalwar ɗa suke ɓatawa, ɓarnar da ba ta gyaruwa har ya girma. Ko rabin ƙoƙo ya yi yawa.

Sau da yawa ƙarancin jini ke kawo gajiyar mai ciki. Ana ba da ƙwayar ƙarin jini wurin awon ciki, wanda gwamnatin Nijar ta mayar kyauta a 2006.

Wadda ta riga ta saba da tiramol, kada ta yanke shi dare ɗaya, don akwai haɗari ga cikin. Ta faɗa ma ungozoma gaskiya. Maigida, kai ma ka rage mata noma, ka raka ta likita.